Barewa da Karen Gida: Ɗan da Ka Gani Kwance Ba Maraya Ba Ne

Ina gaida manyan ɗalibai da suka taru gindin rediyo a Maradi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, da duk inda muryata ta kai. Kai kuma ɗan'uwa da hirar ta wuce ka, ga ta a rubuce. Ka karanta, ka karanta ma maƙwabcinka.

Hirarmu ta yau kan barewa ce da karen gida. Ga mafarin zancen. Ran nan mun tashi daga karatun dare, sai wani dattijo cikin ɗalibaina ya miƙo mani salularshi, ya ce: “Malam, dubi abin da ɗana ya aiko mani.” Na duba. Hoto ne mai motsi daga ƙasar Turawa: wata ƙatuwar karya kwance cikin ciyawa, barewa na goga kanta a wuyan karyar. Sai wani saurayi ya ce shi ma yana da nashi. Nashi dabam ne: barewa ce ta tasam ma kare tsakiyar gari, tana tattaka shi da kofato. Dattijo ya ce: “To malam, wanne ne gaskiya? Mu dai mun san kare ke korar barewa. Yaushe duniya ta juya?”

Na ce mashi: “Baba, duka biyu gaskiya ne, kuma duniya ba ta juya ba.” Na yi mashi alkawarin kawo bayani a rediyo don kowa ya amfana. Yau ga cikon alkawari.

Wace barewa ake magana?

Da farko ku sani ba irin tamu ba ce. Barewar da ke cikin hotunan nan an fi samun ta a Turai, da Amurka, da Kanada, da Asiya. Tunda ba ta zaune ƙasarmu, ba mu da wani suna da za mu ba ta. Muna ce mata barewa don kamar da suka yi. Waɗanda suka yi lakkol sun ji ana ce ma tamu “bish” da Faransanci. To asalin sunan nan na macen waccan ne, aro aka yi aka ba tamu.

Bambancinsu yana ga ƙaho. Ƙahon barewarmu shi ke nan tun tana ƙarama har ta mutu. Ƙahon waccan kuwa ƙashi ne mai rassa kamar icce. A yawancinsu namiji kaɗai ke da shi, kuma kowace shekara sai ya faɗi, wani sabo ya tsiro. A duk Afirka wuri ɗaya ake samun irinta tun asali, shi ne duwatsun arewa, wajen Tunisiya da Aljeriya. Amma wajen kiwo, da tuƙa, da tsoro, da yadda uwa ke renon ɗanta, ita da tamu kusan hali ɗaya ne. Ku riƙe wannan, za mu komo kanshi.

Me ya haɗa ta da kare?

A ƙasashen can babban abokin gabar barewa shi ne kyarkeci, wani naman daji mai kama da ƙaton kare, mai farauta ƙungiya-ƙungiya. Masana sun tabbatar da cewa kare daga kyarkeci ya fito. Mutanen da ne suka sabar da shi, fiye da shekara 14,000 da suka wuce, har ya zama na gida. Mutum ya manta da wannan, barewa ba ta manta ba. Mai kare abin ƙaunarshi yake gani, wanda yake ba abinci, a can ma har ɗaki ɗaya suke kwana. Barewa kuwa in ta ji warinshi, ta ga tafiyarshi, kyarkeci ta gani.

Da can daji ya raba su: barewa a dawa, kare a gida. Sai mutane suka yi ta kashe kyarketai don tsare bisashensu. A Ingila an ƙarar da su kusan shekara 500 ke nan. A Amurka maharba sun kusa ƙarar da barewar ma. Wajen 1900, irin wadda ake kira mai farar wutsiya ba ta wuce dubu 500 ba a duk ƙasar. Sai aka kafa dokokin farauta. Harbi ya ragu, kyarkeci kuma babu shi a yawancin wurare, sai ta hayayyafa har ta kai wajen miliyan 30. Garuruwa su ma suna ta faɗaɗa suna cin daji. Barewa ta ga cikin gari akwai furanni da ɗanyar ciyawa, ga ruwa, ba mai harbi. Sai ta shigo ta zauna. Ta saba da mutane, ta saba da mota. Ga unguwanni kuwa cike da karnuka. To kun ji inda suka gamu.

Uwa da ɗanta

A can barewa na haihuwa ne wajen watan biyar da na shidda, wato Mayu da Yuni. Mai farar wutsiya cikin kwana 200 take yi, ɗanta ya zo duniya da nauyin kilo 3 ko kusa da haka. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne, amma sai ya yi ƙwari. A kwanakin farko ba ya iya tsere ma kare. Dabararshi ɗaya ce: ya kwanta cikin ciyawa, ya lafe, ko motsi babu. Jikinshi da ɗigo-ɗigon fari, ya saje da inuwar ganye. Warin jikinshi kaɗan ne, hancin maƙiyi ba ya saurin kai gare shi. Uwar kuwa da gangan take nisantar shi, don kada warinta ya jawo mashi bala'i. Tana kiwo can gefe, kunnenta na wajenshi. Sau kaɗan a yini take zuwa ta ba shi nono, ta lashe shi, ta koma. Haka za su yi sati uku ko huɗu kafin ya fara bin ta.

Saboda haka, ɗan'uwa, ɗan barewa da ka gani kwance shi kaɗai ba maraya ba ne. Ajiya ce uwarshi ta yi.

In ka gane wannan, ka gane hoton da saurayin nan ya nuna mana. An ɗauke shi a 2010, a wani gari mai suna Cranbrook, yammacin Kanada. Barewa ta haihu cikin unguwa, ɗanta na bakin titi. Wata kyanwa ta zo tana shinshinar shi, uwar na tsaye tana kallo. Sai ga wani kare ya ɓullo daga gefe. Bai taɓa ɗan ba. Uwar ta yi kanshi a guje, ta kada shi, ta dinga dukan shi da kofaton gaba. Karen ya sha da ƙyar. Mutane miliyoyi suka kalli hoton a intanet, wasu suka ce barewar ta haukace. Ba hauka ba ne. Macen ba ta da ƙaho, makaminta kofato ne, kuma da shi iyayenta da kakanninta ke korar maƙiyi daga wurin ɗiyansu. Ita ba ta san wannan karen na gida ba ne, mai suna, mai akushi. A shekarar da ta biyo, 2011, hukumar garin ta samu izinin rage yawan barewar da ke cikin gari. Kun ga ƙarshen zaman cakuɗe: kare ya ji ciwo, barewa ta rasa rai.

Akwai wata masaniya a jami'ar Winnipeg ta Kanada, sunanta Susan Lingle, wadda ta daɗe tana nazarin iyayen barewa. Ita da abokin aikinta Tobias Riede sun buga sakamakon wani gwaji a 2014. Sun ɓoye amsa-kuwwa cikin daji, suka sa kukan jarirai iri-iri: na ɗan barewa, na ɗan kyanwa, na ɗan wata dabbar teku, har da na jaririn mutum. In kaifin kukan ya yi kusa da na ɗanta, sai uwa ta rugo wurin, ko da ba ta taɓa jin irin dabbar ba. To ku duba: wadda ke rugowa don kukan ɗan wani, yaya za ta yi in ta ga kare kusa da nata?

In kare ne ke kora

Yanzu mu bar Kanada mu tafi Ingila. A birnin Landan akwai wani makeken fili mai suna Richmond, kusan hekta 1,000. Sarki Charles na Ɗaya ya kewaye shi da ganuwa a 1637 don farautar barewa. Har yau akwai barewa wajen 600 a ciki, suna yawo a sake. Mutanen birni na zuwa shan iska tare da karnukansu. A watan Nuwamba na 2011, wani baƙin kare mai suna Fenton ya kuɓuce ma maigidanshi, ya bi garken barewa. Garke ya kwasa a guje, ya ƙetare kwalta, ga motoci na wucewa. Maigidan na biye yana ta ƙwala kiran sunanshi, kare ko waiwaye. Wani yaro ya ɗauki hoton, duniya ta yi ta dariya.

Amma abin ba na dariya ba ne. Karen nan ba yunwa yake ji ba, a ƙoshe yake. Abu mai gudu ya gani, jinin kakanninshi ya motsa. Ko kare mai ladabi, in abu ya zabura gabanshi, sai ka ga kamar an toshe mashi kunne. Barewar da aka kora kuwa, ko ba a kama ta ba, ba lalle ta tsira ba. Tana iya faɗawa gaban mota, tana iya karyewa a shinge. Akwai kuma wata cuta da likitocin bisashe suka sani. In tsoro da gudu suka yi ma barewa yawa, naman jikinta na lalacewa daga ciki, dattin ya bi jini ya ɓata ƙoda, zuciya ta raunana. Sai ta mutu bayan awa kaɗan ko bayan kwanaki, ba cizo ko ɗaya a jikinta. Mai kare kuwa ya koma gida yana cewa ai wasa suka yi.

Shi ya sa masu kula da filin Richmond suka sa doka: daga 1 ga Mayu zuwa 31 ga Yuli, lokacin haihuwa, kowane kare sai da igiya a wuya. Suna gargaɗin mutane su bar tazarar mita 50 tsakaninsu da barewa. Suna kuma cewa in duk da haka barewa ta taso ma mutum, ya saki igiyar, don kare ya gudu da ƙafarshi, shi ma mutumin ya tsira. Lokaci na biyu mai hatsari shi ne na barbara, daga Satumba zuwa Nuwamba. A nan mazan ne abin tsoro. Namijin jar barewa na iya kai kilo 200, ga ƙaho mai tsini, yana ruri yana neman abokin faɗa. Karen da ya matsa kusa sai ya sha suka.

To abotar fa?

Na san za ku ce: malam, hoton dattijo fa? Shi ma na gaske ne. A 2008, a tsibirin Vancouver na Kanada, wata mai ɗaukar hoto, Isobel Springett, ta ji ƴar barewa na kuka kusa da gidanta. Ba ta yi gaggawa ba. Sai da aka kwana uku ana jin kukan, uwa ba ta komo ba, sannan ta ɗauko ta. Aka sa mata suna Pippin. A gidan akwai wata ƙatuwar karya mai suna Kate, wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Aka ajiye ƴar barewa kusa da ita. Karya ta shinshine ta, ta karɓe ta, suka kwanta tare. Matar ke ba ta madara, karya ke ba ta ɗumi. Ba a ɗaure ta ba. Da ta yi ƙwari ta koma daji da kanta, tana zuwa gaida karya, su yi guje-guje, su goga kai. Da ta girma ta haihu, ta ci gaba da zuwa, ɗiyanta kuwa ƴan daji suka tashi. An buga littafin hotunansu a 2012.

Ku duba abubuwan da suka haɗu kafin hakan ya yiwu. Ƴar barewar marainiya ce ta gaske. An samo ta tana jaririya, ba ta riga ta koyi tsoro daga uwa ba. Duk mai ba ta ɗumi shi ne uwarta. Karyar kuwa mai sanyin hali ce, a ƙoshe take, mai ita na tsaye kansu. Sannan ba a hana barewar komawa daji ba. Da wuya duk waɗannan su haɗu wuri ɗaya. Da abin ruwan dare ne, da ba a buga mashi littafi ba.

Ga wani labarin. A watan Yuli na 2017, bakin teku kusa da birnin Niyu Yok na Amurka, wani kare mai suna Storm ya faɗa ruwa, ya kamo wuyan ɗan barewa da ke neman nutsewa, ya kawo shi gaɓa. Ya kwanta kusa da shi yana tura shi da hanci. Jaridu suka ce kare ya ceci barewa. Lalle ya fid da shi daga ruwa. Amma ku san irin karen: irin wanda maharba suka daɗe suna koya ma ɗauko tsuntsun da aka harba ya faɗa ruwa, ya kawo shi ba tare da ya tauna ba. Ko tausayi ne, ko aikin gado ne, Allah ya san cikin kare. Abin da muka sani shi ne, ɗan barewar yana farfaɗowa ya firgita, ya sake komawa cikin ruwa, sai da mutane suka shiga da igiya suka fiddo shi. Kare ya ɗauke shi abin riƙewa, shi kuwa ya ɗauki kare abin gudu.

Irin waɗannan hotuna suna da daɗin kallo, amma suna ɓoye wani abu. Barewar da ta saba da kare ɗaya ta yi asarar abin da ke tsare ranta, wato tsoro. Karen da za ta gamu da shi gobe ba abokinta ba ne. Namijin da aka rena a gida kuma, in ya balaga, ba ya shakkar mutum. Lokacin barbara yana iya sukar wanda ya ba shi madara. Masu iya magana sun ce sabo turken wawa.

Mu fa, ina ruwanmu?

Na ce maku za mu komo kan barewarmu. Ita ma haka take ɓoye ɗanta gindin icce ko cikin ciyawa, ta tafi kiwo, ta komo shayarwa. Wannan ba a takarda na fara sanin shi ba. Bari in ba ku labarin abin da na yi da hannuna.

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya, aka kai ni hutun damina wurin kakana, a wani ƙauye arewa da Dakoro. Ni da ɗan kawuna muna kiwon awaki, karen gidan na biye da mu. Sai kare ya tsaya gindin wata anza yana kaɗa wutsiya. Muka leƙa: ɗan barewa ne kwance, ido buɗe, ko motsi. Muka duba gabas, muka duba yamma, ba uwa. Muka ce maraya ne. Na saɓo shi a kafaɗa kamar ɗan akuya. Da muka iso gida kakana ya dube mu, ya ce: “Ja'irai, kun yi sata. Uwarshi na bayan tudu tana kallon ku.” Ya ce mu maida shi. Rana ta riga ta faɗi, muka yi ta kuka, kakata ta sa baki, ta ce a bar ma maigidanta abinshi. Aka bar mana shi.

Muka riƙa ba shi nonon akuya, ya rayu. Karenmu ya saba da shi, tare suke kwana gindin rumbu. Mutanen ƙauye na zuwa kallo, mu kuwa sai fahari. Da muna da salula lokacin, da hotonsu ya zagaya duniya kamar na Kate da Pippin.

Bayan wata biyu ya yi ƙafa. Wata ran kasuwa baƙi suka sauka ƙofar gida da karnukansu. Da ɗan daji ne, tun daga nesa zai ɓace. Namu bai san kare abin gudu ba ne, da ƙafarshi ya nufe su. Sai da suka yi haushi ya firgita, ya zabura. Yana zabura suka bi shi. Abin da ban manta ba har yau shi ne, karenmu, abokin kwananshi, yana cikin masu korar. Muka ƙwace shi da sanduna bakin wani shinge. Cizon bai yi zurfi ba, muka yi murna. Amma ya kwana yana haki, ƙafafun baya sun ƙage. Kwana biyu ya mutu. Kakana bai buge ni ba. Cewa kawai ya yi: “Ba kare ya kashe shi ba.” Sai da na girma na karanta bayanin cutar gudu da na faɗa maku, sannan na gane abin da ya same shi. Amma wanda ya jawo, tun ran nan na san shi.

Tsakaninmu da ƙasashen can akwai bambanci babba. Su barewa yawa ta yi masu, har ta shigo gari. Mu tamu raguwa take yi. Ku tambayi tsofaffi yadda dajin arewa yake a da. Fari ya ci, farauta da mota da bindiga ta ci, gonaki da rijiyoyi sun matse wuraren kiwonta. Don a tsare saura aka keɓe gandun dajin Gadabeji a 1955, hekta 76,000, cikin jihar Maradi, wanda UNESCO ta sa cikin jerin gandayen da take kula da su a 2017. Don haka kuma aka keɓe Termit da Tin Tumma a 2012. Ga dokar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta ce farauta da kamun namun daji sai da izinin hukuma. Karnukanmu kuwa ba na wasa ba ne. Karen Azawak, dogon nan mai siririn ciki da Abzinawa ke kiwo, an san shi har Turai wajen gudu, kuma tun asali da shi ake kamun zomo da barewa. Inda barewa ta yi ƙaranci, ɗa guda da aka ɗauke ko kare ya kora, giɓi ne da ba ya saurin cikewa.

Abin da ya kamata mu yi

Na ɗaya: in ka ga ɗan barewa kwance shi kaɗai, kada ka taɓa shi. Ka kira karenka, ka kaɗa bisashenka wani gefe, ka bar wurin. Muddin kana tsaye, uwar ba ta matsowa.

Na biyu: in yara sun riga sun ɗauko shi, a maida shi daidai inda aka same shi, tun ranar. Mutane na cewa in an taɓa shi uwar ƙin shi take saboda warin mutum. Masu kula da namun daji a ƙasashen can sun ga ba haka ba ne: galibi uwar na komowa ta karɓi abinta.

Na uku: maraya na gaske da alamarshi. Ga gawar uwa kusa, ko yana yawo yana kuka yini guda, ko yana da rauni ƙudaje na bin shi. In ka ga haka, ka sanar da ma'aikatan kula da ruwa da daji, ko maigari ya aika masu. Kada ka kai shi gida ka haɗa shi da kare.

Na huɗu: ka ciyar da karenka, kada ka bar shi yana neman na kanshi. Karnukan da aka saki da yunwa haɗuwa suke ƙungiya da dare. Yau barewa, gobe ɗan ragonka. In za ka bi ta kusa da gandun daji, ka sa mashi igiya. Ka kuma kai shi wurin likitan bisashe a yi mashi allurar hana haukan kare, don lafiyar ɗiyanka.

Na biyar: ka faɗa ma yara masu kiwo. Su ne idon daji, su ke fara ganin ɗan barewa, kuma tausayi ne ke sa su ɗauko shi, kamar yadda ya sa ni. Ka gaya masu uwarshi na nan kusa.

Baba mai salula, in kana saurare, ga amsarka. Barewa na nan a barewarta, kare na nan a karenshi. Wadda ta tattaka kare uwa ce ke tsaron ɗanta. Wadda ta kwanta da karya marainiya ce da ba ta samu mai koya mata tsoro ba. Mutum ne ya haɗa su wuri ɗaya, kuma igiyar a hannun mutum take.

Ku da kuka taru gindin rediyo, kafin ku watse ku tattauna kan tambayoyi uku. Yaushe rabon da a ga barewa a karkararku? Karnukan garinku, ina suke kwana, kuma wa ke ba su abinci? In gobe yaro ya shigo da ɗan barewa a kafaɗa, me za ku ce mashi? Wanda ya iya alƙalami ya rubuta abin da kuka tsayar, ku aiko mana, mu karanta a hira ta gaba.

Sai wani satin, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.